Wace kalma ta dace da "council house" a Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Masu fassara labaran Birtaniya suna yawan cin karo da wannan kalma, wadda ke nufin gidan da ƙaramar hukuma ta mallaka take bayarwa haya, kuma kowa da irin juyin da yake yi mata, don haka ya kamata mu tsaya a kan magana ɗaya.

"Gidan kansila" bai yi ba ko kusa, domin mai karatu zai ɗauka gidan zaɓaɓɓen kansilan mazaɓa ake nufi. "Kwatas" na ma'aikata ne, wanda ya bar aiki ya bar gida. Wani ɗan'uwa ya kawo "lokos", irin na zamanin Shagari, kuma ya kusa, sai dai lokos a wurinmu yakan koma mallakin wanda ya shiga.

Shawarata ita ce "gidan hayar ƙaramar hukuma", kuma hujjata tana cikin yadda ake samo kuɗin ginin. Ƙaramar hukuma a Ingila takan ciyo bashi mai dogon wa'adi daga baitulmalin gwamnatin tsakiya ta kafar da ake kira PWLB, ta gina gidajen, ta zuba masu ƙaramin ƙarfi a ciki, sannan hayar da suke biya ta shiga wani asusu na daban, wanda daga cikinsa ake biyan uwar kuɗi da ruwanta. Idan muka jefar da "haya", mai karatu ba zai gane abin da ya sa ƙarin ruwa kaɗan yake tsayar da aikin gini ba. A Oktoban 2018 gwamnatin Theresa May, firaministar Birtaniya ta lokacin, ta cire iyakar bashin da aka ƙayyade wa wannan asusu, amma a Oktoban 2019 baitulmali ya ƙara kashi 1 cikin 100 a kan ruwan bashin, bai janye ƙarin ba sai a Maris na 2020 ga bashin gina gidaje, ga sauran basussuka kuma sai a Nuwamban 2020. Haya ba ta tashi yadda ruwa yake tashi, shi ya sa a 2023 aka ware rangwame na musamman ga bashin gina gidaje.

Na san kalmar ta yi tsawo a kanun labarai, to a can sai a taƙaita ta zuwa "gidajen hayar hukuma".

Shi kuwa ruwan bashin, a bar shi a "kuɗin ruwa" kamar yadda gidajen rediyo suka saba faɗa. Kada a rubuta "riba", domin ɗan kasuwa zai ji ta a matsayin abin da ya samu bayan ya fitar da uwar kuɗi, malami kuma zai ji haramtacciyar nan ta fiƙihu.