Hukuncin kisa da tattalin mai a muhawara ɗaya: ta ina zan ɓullo?

Ɗalibin Lauya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. An ɗora mini jagorancin ɓangarenmu a muhawarar ɗalibai mako mai zuwa, batutuwa biyu a zama ɗaya. Na farko, a soke hukuncin kisa. Na biyu, gwamnati ta tilasta wa jama'a tattalin man fetur. Ƙuri'a ta ba mu goyon bayan duka biyun. Tun yanzu abokan karawarmu sun fara yi mana shaguɓe, wai a na farko ba mu yarda da gwamnati ba, a na biyu kuma mun damƙa mata sitiyarin motar kowa. Maganar ta tsaya mini a rai. Me zan ce musu?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tufka da warwarar da suke jingina muku, su ma tana wuyansu: sun amince wa gwamnati ta ɗauki ran mutum, amma ba su amince mata ta ce a sassauta gudu a titi ba. Sai dai kada ka tsaya a nan, ramuwar gayya ce kawai. Ka tambaye su: idan gwamnati ta yi kuskure, wanne ake iya gyarawa?

A Janairun 1974, bayan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta taƙaita gudu a Amurka zuwa mil 55 a awa, wajen kilomita 89 ke nan. Direbobi suka yi ta ƙorafi, aka sassauta ta a 1987, aka soke ta a 1995. Shi ke nan, kowa ya koma taka motarsa. To ka ɗora wannan kusa da Timothy Evans, wanda Birtaniya ta rataye a 1950 kan kisan 'yarsa. Babban mai ba da shaida a kansa maƙwabcinsa ne, John Christie, a gida ɗaya suke. A 1953 aka gano gawarwakin mata a ɓoye a sashen Christie ɗin. A 1966 aka yi wa Evans afuwa, bayan ya shekara 16 a ƙarƙashin ƙasa. Wannan shari'a na cikin abin da ya sa ƙasar ta dakatar da rataye masu kisan kai a 1965, ta tabbatar da hakan a 1969. Ka ba su labaran nan biyu a jere, su da kansu za su ga bambancin.

Uwar Biyu:
Malam, ka yi haƙuri, amma duk kun manta da wanda aka kashe. Shi ma ai ba ya dawowa. Ƙanena, in ka hau mumbari kana ta jimamin mai laifi ba ka ambaci marayun da ya bari ba, wallahi ka rasa rabin masu sauraro tun kafin ka zauna. Ni dai ina goyon bayan hukuncin, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Malamin Tarihi:
Hajiya, kin yi gaskiya, da su ya kamata ya buɗe jawabinsa.

Almajirin Fiƙihu:
Ka shirya wa ayar ƙisasi, Baƙara 179, domin tabbas za a jawo maka ita. Kada ka kuskura ka yi jayayya da nassi don neman maki. Abin da za ka iya nunawa shi ne ayar da ke gabanta, ta 178, ta buɗe ƙofar yafiya da diyya, kuma haƙƙin na magadan mamaci ne. Sannan malamai sun tafi a kan cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Saboda haka ka karkata hujjarka ga ingancin bincike da shaida da alƙalanci. In kuma zuciyarka ba ta kwanta da sokewa ɗungurungum ba, ka kare dakatarwa, irin wadda babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara kira a yi a 2007.

Mai Lissafi:
Gargaɗi ɗaya: kada ka ce bincike ya tabbatar hukuncin kisa ba ya hana laifi. A 2012 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta duba nazarce-nazarcen da aka yi, ta ce ba su isa a kafa hujja da su ba, ko ta nan ko ta can. Wanda ya yi iƙirarin hukuncin yana tsoratar da masu laifi, shi zai kawo shaida. Adadin da za ka riƙe shi ne mutum fiye da 190 da aka yanke wa kisa a Amurka tun 1973 daga baya aka wanke su.

Tsohon Direba:
Duk kun taru a kan igiya kun bar mai, alhali a nan yaron zai sha kashi. Tattalin gaskiya ne, duk wanda ya riƙe sitiyari ya sani. Iskar da ke tokare mota ba daidai da gudu take ƙaruwa ba: ka ninka gudu, turjiyarta ta ninka huɗu. Shi ya sa allurar tanki ke zubewa da ka wuce ɗari. Ƙara da taya mara iska da barin inji yana aiki a tsaye.

Amma kalmar "tilasta" ita ce ramin. Akwai tilas iri-iri. A ƙarshen 1973 Holan da Jamus ta Yamma sun hana tuƙi ranakun Lahadi, mutane suka jure domin kowa abin ya shafa, mai kuɗi da talaka. A 1975 Amurka ta ɗora wa kamfanonin ƙera motoci ƙa'idar yawan man da motocinsu za su sha, direba bai ma ji a jikinsa ba. Faransa kuwa ta bi ta harajin mai, a Nuwamban 2018 masu zanga-zanga sanye da riguna ruwan ɗorawa suka cika tituna, dole gwamnatin Macron ta janye ƙarin. Mutumin karkara da ba shi da bas ba shi da jirgin ƙasa, in ka tsauwala masa farashi ba tattali ka koya masa ba. Ka zaɓi tilas ɗin da za ka kare tun a minti na farko, in ba haka ba su za su zaɓa maka mafi muni.

Ɗalibin Lauya:
Allah ya saka da alheri. Baba Direba, in suka ce mota mai tsimin mai tana sa mutane su ƙara yawo, ribar ta tafi fa?

Mai Lissafi:
Tsohuwar hujja ce, masanin tattalin arzikin Birtaniya Jevons ya kawo ta kan gawayin kwal tun 1865. Ka amsa cewa wani kaso na ribar yana zurarewa, amma ba duka ba. Wanda motarsa ta rage shan mai da rabi ba ya ninka nisan wurin aikinsa. Ka ba mai magana na biyu wannan, kai ka riƙe Evans.