Yaya ake haɗa bargon ƙyallaye gida-gida a ƙaramin keken ɗinki?

Mai koyon ɗinki, Agege:
Assalamu alaikum. Na tara ƙyallayen atamfa da niyyar ɗinka wa 'yata bargo mai falle uku, wato fuska da abin ciki da shafi, amma da na haɗa shi gaba ɗaya sai ya ƙi wucewa tsakanin allura da jikin keke, shafin kuma ya tattare. An ce ana iya kammala kowane gida, wato yanki ɗaya mai kusurwa huɗu na bargon, shi kaɗai kafin a haɗa. Ta yaya ake haɗawar ba tare da mahaɗar ta yi tudu ba?

Tsohuwar tela, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam, 'yata. Ki yanka kowane gida inci 12 a kowane gefe, ki jera fallayen uku, ki bi su da ɗinki daga tsakiya zuwa baki, sannan ki datse gefunan su zo daidai. Wajen haɗawa tsiri biyu ake bukata: na fuska mai faɗin inci 1, na baya kuma inci 1¾ wanda za ki ninka biyu ki goge. Ki ɗora su a bakin gida na farko, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ki ɗinke su lokaci guda kina barin rubu'in inci daga baki, sai ki ɗinka ɗaya bakin tsirin fuskar a gida na biyu. Idan awon bai kauce ba, abin cikin gidajen biyu zai haɗa baki ba tare da wani ya hau wani ba, kuma abin da ke hana tudu ke nan. Daga ƙarshe ki kwantar da tsirin baya ya rufe mahaɗar. Ni da hannu nake ɗinke shi, domin ya fi tsabta.

Ƙanwarku ta Obalende:
Hajiya ta gama magana a kan haɗi. Anti, don Allah kada ki sa soso a ciki, domin a laimar Legas bargo mai kauri yana daɗewa bai bushe ba har ya fara wari. Yadin auduga mara nauyi ya wadatar. Ki kuma wanke ƙyallayen tukuna, saboda wata atamfar tana zuba, auduga kuma tana tsukewa a wankin farko.

Mai koyon ɗinki, Agege:
Allah ya saka muku da alheri. Zan fara gwadawa da gida huɗu. Atamfar tsirin kuwa, launi ɗaya zan sayo a kasuwar Balogun domin ta haɗa kan ƙyallayen.