Inshorar dole ko cikakkiya: wacce ta dace da Corolla 2014 mai kwana a Alajo?

Fuseini, Alajo

Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar mota. Na sayi Toyota Corolla ƙirar 2014 a hannun wani, tsohuwar Amurka ce, tana da farar lamba. Inshorar da ke kanta da sunan mai ita na farko take, saura wata uku ta ƙare. A unguwar Alajo ta Accra nake zaune, aiki kuma a Tema. Ina so in riƙa yin Bolt da ita, wato hayar fasinja ta manhajar waya, Asabar da Lahadi, wani lokaci kuma in kai Hajiyarmu Lome. Shin in bar wannan inshorar ta ƙare tukuna? In na tashi sabuntawa, ta dole zan yanka ko cikakkiya? Kuma me ya kamata in duba a jikin motar kafin damina ta kankama?

Hajiya Ramatu, Nima

Wa alaikumus salam, Malam Fuseini. Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Kada ka jira wata ukun nan. Yarjejeniyar inshora tsakanin kamfani take da mutumin da sunansa ke kan takarda, kuma ranar da ya sayar maka da motar ya fita daga hakkinta. Sitika tana nan a gilashi, amma in wani abu ya faru kamfani na iya cewa bai san ka ba. Ka fara zuwa DVLA, hukumar lasisin tuƙi da rajistar motoci, da takardun ciniki a mayar da motar sunanka, da kanka, ba ta hannun 'yan goro da ke tsaye bakin ƙofa ba. Daga nan ka yanki sabuwar inshora.

Iri uku ne a kasuwa. Ta dole, wadda ake ce wa tad-pati, dokar 1958 ce ta wajabta ta a kan duk motar da ke hawa titi a Gana. Tana biyan wanda ka ji wa rauni, da iyalan wanda ya rasu, da dukiyar wani da ka ɓata. Motarka kuwa ko sisi ba ta samu. Ta biyu ita ce ta dolen da aka ƙara mata gobara da sata. Ta uku cikakkiya, wadda ta haɗa da gyaran motarka ko da kai ne da laifi.

Abin da mutane ba sa lura da shi a ta dole shi ne, kuɗin da take biya kan dukiyar wani yana da iyaka, kuma iyakar ƙarama ce ƙwarai in aka gwada da farashin kaya a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra. Ka daki bayan sabuwar Land Cruiser a Motorway, babban titin Accra zuwa Tema, fitilun baya da bamba kaɗai za su cinye iyakar, ragowar kuma daga aljihunka. Ana iya sayen ƙarin wannan iyaka da kuɗi kaɗan. Ko wace iri ka zaɓa, ka tambayi adadin da aka rubuta, ka ce a ɗaga maka.

In cikakkiya ce, abu uku za ka tsaya a kai.

Darajar mota. Kuɗin da za ka biya kaso ne na darajar da ka faɗa, shi ya sa wasu ke rage ta. Ga misali: mota ta kai sidi 200,000, an rubuta 100,000. Aka yi ɓarnar 40,000. Kamfani zai ce rabin motar ka yi wa inshora, don haka rabin ɓarnar zai biya, wato 20,000, sannan ya cire kasonka. Wannan ya cuci mutane da yawa a 2022, lokacin da dala ta fara shekara a wajen sidi 6 ta kuma haura 12 kafin shekarar ta ƙare. Farashin mota da kayan gyara ya tashi, adadin da ke kan takardu bai motsa ba. Duk shekara ka duba abin da ake sayar da irin motarka kafin ka sabunta. Ƙara mata daraja fiye da kima shi ma asara ce, domin farashin kasuwa za su biya.

Kasonka, wanda suke kira ekses. A kowace ɓarna akwai kason da kai za ka ɗauka. Ka tambaya nawa ne, kuma nawa za a ƙara maka in kana so a ɗauke shi.

Sai amfanin motar, kuma nan ne maganar Bolt ta shigo. Inshorar motar gida ta cire ɗaukar fasinja don kuɗi a fili. Kwana biyu a mako ma haya ce. In hatsari ya faru da fasinja a ciki, rahoton 'yan sanda zai nuna, kamfani ya ƙi biyan gyaranka, kuɗin cikakkiyar da ka zuba ya tafi a banza. Ka faɗa musu gaskiya tun farko a rubuta a takarda. Za ta fi tsada, amma ita ce za ta yi maka aiki.

Bayan ka biya, ka danna *920*57# a wayarka, ka sa lambar motar. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ta buɗe rumbun da ake shigar da kowace inshorar mota, kuma shi 'yan sandan MTTD, masu kula da zirga-zirgar motoci, suke dubawa a hanya. In motarka ba ta fito ba, sitikar jabu aka ba ka. Ka biya ta asusun kamfanin ko lambar MoMo ɗinsa, ba lambar wakili ba, ka karɓi rasit. Ƙa'idar NIC ita ce in kuɗi bai shiga hannun kamfani ba, babu inshora.

Masta Awudu, Fadama

Hajiya ta gama maganar takarda. Ni a kan Alajo zan tsaya, domin duk wanda ke kusa da kogin Odaw ya san ambaliyar da Mayu da Yuni suke zuwa da ita, kuma ba wanda ya manta ambaliya da gobarar daren 3 ga Yuni 2015 a Circle, cikin Accra. Ta dole ba ta biyan ambaliya, mai gobara da sata ma haka. Cikakkiya galibi tana biya, amma ka sa a nuna maka layin da aka rubuta ambaliya da idonka.

Ɗan'uwa, in ruwa ya kai rabin taya, juya. Bakin da injin Corolla ke shaƙar iska yana gaba, kuma in tirela ko trotro ya wuce kusa da kai, igiyar ruwan da ya turo ta isa ta kai can. Iska tana matsuwa a cikin silinda, ruwa ba ya matsuwa. Fistin ya taso ya tarar da ruwa, sai sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa bulok. In mota ta mutu a cikin ruwa, ko ka wayi gari ka tarar ruwa ya shiga ta, kada ka murɗa makulli ko sau ɗaya. Injina da yawa a wannan tayarwar suke lalacewa, kuma kamfani na iya cewa wannan ɓarnar kai ka ƙara ta.

Abin yi shi ne ka cire baƙin kan batir, ka ɗauki hoto da ke nuna inda ruwa ya kai, ka kira kamfanin inshora a ranar, sannan a ja motar. Ka nemi su ba da izinin buɗe ta da wuri, don in ta kwana uku da ruwa a ciki tsatsa ta fara aiki. Fita, wato makanike, zai duba matatar iska ko ta jiƙe, ya zaro sandar awon mai. In man ya koma kalar shayi da madara, ruwa ya shiga. Sai a kwance fulogi huɗun, a juya injin ruwan ya fita, a juye mai da filta, a sake juyewa bayan ɗan gudu. A ɗaga kafet gaba ɗaya a shanya, domin wayoyi da na'urar jakar iska suna ƙasa, kuma matsalarsu sai bayan wata biyu ko uku take fitowa.

Tun da tsohuwar Amurka ce, ka sani da yawa daga cikinsu masu hatsari ne aka sayo a gwanjo aka gyara a nan. Kunna makulli ka ga ko fitilar jakar iska tana kamawa ta mutu bayan 'yan daƙiƙu. In ba ta kamawa sam, an cire ƙwan ko an rufe shi. A ɗaga motar a duba ƙarfen gaba ko akwai walda. Wannan ya shafi inshora, domin ba sa biyan tsohuwar ɓarna, kuma za su ɗauki hoton motar kafin su ba ka cikakkiya.

Injinta mai lita 1.8 yana cin baƙin mai kusan lita 4.2 in an canza filta, kuma sarƙar taimin gare shi, ba bel ba, kada wani ya karɓi kuɗin bel ɗin taimin a hannunka. Yawancin na 2014 giyar CVT gare su, wani nau'in otomatik ne da ba shi da matakan giya. Man wannan giyar daban ne, in aka zuba mata man giyar otomatik na gama-gari za ta fara zamewa da kuka, gyaranta kuma ba na inshora ba ne. Kada ka yarda a cire tamostat ko a haɗa fanka kai tsaye da sunan ƙasarmu da zafi. Injin ba zai kai zafin aikinsa ba, ya riƙa shan mai. A lagireto ka zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, ba ruwan famfo ba. Taya kuma, ka karanta lambobi huɗun ƙarshe da ke gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane tana fashewa a gudun Motorway.

Alhaji Iddi, Aboabo, Kumasi

Ina tare da su, sai dai kada a sa yaro ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Cikakkiya kuɗi ce mai nauyi duk shekara. Ma'aunin shi ne: in motar nan ta tafi gobe, za ka iya sayen wata ba tare da ka ci bashi ba? In za ka iya, ta dole da ƙarin iyaka ta ishe ka. In ba za ka iya ba, ga kwana a Alajo, ga Motorway safe da yamma, ga haya, to cikakkiya ce taka. In kuɗin shekara ya yi yawa a dunƙule, tambayi ta wata shida. Ka karɓi farashi a kamfani uku ko ta hannun dillali mai lasisin NIC. A ta dole farashin kusan ɗaya ne ko'ina tunda hukuma ke tsara shi, don haka wanda ya zo maka da rabin kuɗi ka guje shi. Abin da ya bambanta kamfanoni shi ne saurin biya, wannan kuwa masu gareji da direbobin tasha sun fi kowa sani.

Maganar Lome, kafin ka isa Aflao, iyakar Gana da Togo, ka karɓi katin inshorar ECOWAS, Burawun Kad, a kamfaninka. Ɓarnar da ka yi wa wani a can kawai yake biya. Cikakkiyarka tana da iyakar ƙasa, ka tambaya ko ta haɗa da Togo, in ba ta haɗa ba a faɗaɗa maka na kwanakin tafiyar. Ka kuma duba ranar ƙarewar lasisinka da takardar lafiyar mota. Ta motar gida shekara guda take yi, ta motar haya wata shida. Direban da ba shi da lasisi mai aiki yana daga cikin dalilan da aka fi ƙin biya da su, har da ƙanen da aka ba makulli ya je kasuwa.

Fuseini, Alajo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya, saura ɗaya. In ƙaramin karo ne, mai ɗaya motar ya ce mu sasanta a wurin, dole ne sai na kai wa kamfani?

Hajiya Ramatu, Nima

Ya danganta da girman abin, ƙanena. In ƙujewar fenti ce ko madubi, gyaran bai wuce kasonka ba, biya da kanka ya fi. Duk shekarar da ba ka nemi biya ba ana yi maka rangwame a sabuntawa, rangwamen yana ƙaruwa shekara bayan shekara, kuma ƙaramar buƙata ɗaya za ta iya rage shi. In kun sasanta, ku rubuta a takarda ku sa hannu da shaida, da hoton motocin biyu.

Amma in mutum ya taɓu, ko da ya tashi ya ce lafiyarsa lau, kada ka sasanta a bakin titi. Ciwo na iya fitowa bayan kwana biyu, a dawo maka da takardar asibiti, kamfani kuma ya ce ba ka sanar da shi kan lokaci ba. Ka fara kai wanda ya ji rauni asibiti ko ka kira 112. Ka ɗauki hoto kafin a matsar da motoci, da lambar ɗaya motar da sitikarta da lasisin direban, ka karɓi lambar wayar shaidu biyu. Ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ka yi wa mutane jaje da ladabi, amma kada ka rubuta ko ka sa hannu cewa laifinka ne, kada ka yi alkawarin biya, wannan aikin kamfani ne. Ka sanar da su a ranar ko washegari, a rubuce, ko da ta WhatsApp ne, don ka sami shaidar lokaci.

Za su nemi fom ɗin neman biya, rahoton 'yan sanda, kwafin lasisin wanda ke tuƙi, takardun mota, hotuna, da kiyasin gareji. Kada fita ya taɓa motar kafin mai kimanta ɓarna na kamfani ya gani. In ya rage kiyasin, ka nemi ya nuna maka kaya ɗaya bayan ɗaya, ka kawo farashin Abossey Okai a rubuce. Takardar sallama kuma kada ka sa mata hannu sai ka yarda da adadin da ke ciki.

In an ja maka rai ko an ƙi biya ba da hujja ba, ka kai ƙara NIC da kwafin duk takardunka, suna da sashen sauraron koke. A wajensu kuma akwai asusun diyya na wanda mota ta buge ta gudu, ko wadda ba ta da inshora ta ji masa rauni. Shi ma da rahoton 'yan sanda da takardar likita ake nema.