Talla ce ta sayar da kalkuleta, ko buƙata?

Malam Bashir: Ra'ayina shi ne, a farkon shekarun 1970 talla ce ta cusa wa jama'a son kalkuletar aljihu. Ku dubi Sinclair Executive da aka fitar a Ingila a 1972 a kan fam 79.95. Sunanta ma manyan ma'aikata yake kira, kuma abin da aka fi kururutawa shi ne siririya ce, tana shiga aljihun riga ba ta kumbura shi, alhali babban aikinta shi ne tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Kayan ƙawa aka sayar wa masu hannu da shuni.

Injiniya Auwal: Malam, da girmamawa, misali ɗaya ka ɗauka. A wannan shekarar ce kamfanin Hewlett-Packard ya fitar da HP-35 a Amurka a kan dala 395, bayan masu binciken kasuwa sun yi hasashen ba za ta samu masu saye da yawa ba. Bill Hewlett, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya dage, aka sayar da kusan dubu 100 a shekarar farko. Injiniyan da ya saba jan rular lissafi, wadda ake amfani da ita kafin zuwan kalkuletar aljihu, yana ƙanƙance ido don ya karanta lambobi uku, ya ga na'urar da ke ba shi lambobi goma nan take, ba ya buƙatar mai talla ya roƙe shi.

Hajiya Rabi: Ni a ganina farashi ne ya yanke hukunci, kuma Jafan ce shaida. Na'urar Sharp ta 1964 nauyinta kilo 25 ne, kuɗinta yen 535,000, sai ofisoshi ke iya ɗaukarta. Da Casio Mini ta fito a 1972 a kan yen 12,800, aka sayar da miliyan ɗaya cikin wata goma, duk da cewa lambobi shida kacal take nunawa.

Malam Bashir: Hajiya, kin ƙarfafa mini gwiwa ne. Wa ya shaida wa magidanci cewa yana buƙatar na'ura don lissafin cefane, in ba tallan talabijin na Casio ba?

Hajiya Rabi: Malam, tallan ya sanar da shi cewa kayan ya sauko daidai aljihunsa ne kawai. Kamfanin kalkuleta na Bowmar na Amurka ya yi talla sosai, amma da farashi ya karye, a 1975 sai da ya nemi kariyar kotu saboda bashi.