Lili na Peru: wa ya shuka shi a ƙasa ya riƙa dawo masa duk shekara?

Maman 'yan biyu, Manchester: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na shuka furen nan lili na Peru, wanda masu sayar da tsirrai ke kira Alstroemeria, a watan Mayun bara. Ganye ya yi kyau, amma furen bai taka kara ya karya ba. Mai shagon ya ce yana dawowa kowace shekara. Don Allah wanda ya san kansa ya taimaka mini, don ina son furen nan ƙwarai.

Hajiya ta Leeds: Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, haka yake yi a shekarar farko. Duk ƙarfinsa a ƙasa yake tarawa. Saiwoyinsa farare ne masu kauri kamar ƙananan rogo, kuma ga saurin karyewa, shi ya sa ba ya son a riƙa tone shi ana sauya masa wuri. Nawa sai a shekara ta biyu ya buɗe sosai, tun daga Yuni har sanyin Oktoba ya shigo.

Ga abin da nake so ki riƙe: in fure ya yi yaushi, kada ki sa almakashi. Ki kama karan daga can ƙasa ki fizge shi sama, za ki ga ya fito da farin gindi. Wannan fizgar ce ke sa saiwar ta turo sabon kara. Amma ki bari sai ya kafu, in kika fizgi ƙaramin tsiro har da saiwar za ki tumɓuko. Kafin hunturu ki lulluɓe gindin da busasshen ganye mai kauri, sannan ki sa ido kan dodon koɗi lokacin da sabon tsiro ke leƙowa.

Malamin gona, Kano: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Ni a nan na gwada, daga saiwar da wani ɗan uwa ya kawo mini. Da hunturu ya yi kore shar, ana shiga Maris ya tsaya cak. Asalinsa Kudancin Amurka ne, yawancin irinsa daga Chile da Brazil, kuma waɗanda ake sayarwa a kasuwa suna son sanyi a gindinsu. Da ƙasa ta ɗau zafi sai ya daina ba da fure ya koma kumbura saiwa. Ban ga yadda zai jure bazarar Kano ba, ko da a inuwa.

Anti mai furanni, Jos: Malam, a nan Filato yana yi. Nawa a babbar tukunya yake, rana na samunsa da safe, da azahar inuwar katanga ta rufe shi. Matsalarmu ruwan Yuli da Agusta ne. In ruwa ya kwanta a gindinsa, saiwar ruɓewa take yi, don haka na haɗa ƙasar da yashi da tsakuwa, na kuma ɗora tukunyar kan bulo.

Ɗan kasuwar fure, Landan: Hajiya ta faɗi gaskiya kan fizga, amma a sa safar hannu. Ruwan jikinsa na sa wa wasu ƙaiƙayi da tsagewar fata a yatsu, na gani a hannun abokan aikina. Wanda muke sayarwa daga Kolombiya da Kenya da Holan yake zuwa, kuma yakan kai mako biyu a ruwa. A cire ganyen ƙasa, don shi ke fara yin rawaya tun furen na da kyau.

Hajiya ta Leeds: Af, na manta. Maman 'yan biyu, ki duba takardar da ta zo da shi. In tsohon irin nan ne mai ruwan lemo, Alstroemeria aurea, yaɗo yake yi ta ƙarƙashin ƙasa har ya cinye wurin sauran furanni, kuma ɗan guntun saiwa in ya rage sai ya sake tsirowa.

Maman 'yan biyu, Manchester: Na duba Hajiya, Indian Summer aka rubuta, mai duhun ganye. Shi ma yana yaɗon?

Hajiya ta Leeds: A'a, wannan a dunƙule yake girma. Ki bar shi inda yake, ki riƙa ba shi takin ruwa irin wanda ake ba tumatir idan ya fara fure.