Wace gaɓa ake dannawa a harɗaɗɗun kalmomin Turanci?

Malamar aji shida: Malamai, ɗalibai na yawan tuntuɓe a nan idan ana shirin jarrabawar furuci ta WAEC. Me ke aiki a azuzuwanku?

Malami daga Zariya: Malama, a fara da ma'ana. Dannawa ita ce ba gaɓa nauyi fiye da sauran wajen furuci; manyan haruffa a misalai su ne inda ake dannawa. Idan kalmomi biyu sun haɗu sun zama sunan abu guda, ta farko ake dannawa. GREENhouse ɗakin gilashi ne na rainon tsirrai, green HOUSE kuwa koren gida. ENGlish teacher mai koyar da Turanci ne, ko ɗan Kano ne; English TEACHer malami ne ɗan Ingila. Dannawar kuma ba ɗaga murya kaɗai ba ce. Yaranmu sun saba da karin sautin Hausa, sai su ɗaga gaɓar su bar sauran da cikakken nauyi. A sa su ja gaɓar da aka danna, su sassauta sauran.

Wata malama: Haka ne Malam, amma dokar tana da ɓaraka. Idan ta farko ta faɗi abin da aka yi abu da shi, nauyin yakan koma kan ta biyu: plastic BAG, apple PIE. Ga kuma sunayen tituna: OXford Street amma Oxford ROAD. Wannan hadda kawai ake yi.

Mai koyar da furuci: Ni rabon gaɓa ya fi damuna. A yanka daidai mahaɗar kalmomin tukuna: hot-house, up-hill, grass-hopper. In ba haka ba, yaro ya ga th ko ph ko sh a tsakiya ya karanta su sauti ɗaya. Sai kuma wasalin da Bahaushe ke cusawa tsakanin baƙaƙe: classroom gaɓa 2 ce, a bakin ɗalibi ta zama kilasrum, gaɓa 3, nauyin ya faɗa inda bai dace ba. Tafi ɗaya ga kowace gaɓa yana tona wannan nan take.

Malami daga Zariya: Ƙari kaɗan: suna BREAKdown, aikatau break DOWN. AfterNOON ita kaɗai, amma AFternoon TEA, don kada gaɓoɓi biyu masu nauyi su matsu.

Malamar aji shida: Na gode. To cupboard da breakfast fa?

Mai koyar da furuci: Tsofaffin haɗi ne, Malama, wasalin baya ya raunana. A cupboard ma ba a furta p, kabad za ki ji.