Fizibil da wayar wuta ta ampili a mota: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Corolla, Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Na sayi ampili, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, da wufa guda ɗaya, babbar lasifikar nan mai fitar da ganga, zan sa su a but. A jikin ampilin akwai ƙananan fizibil biyu, wato fiyus, korayen nan, kowanne an rubuta 30. Mai shago ya haɗa ni da jar waya da fizibil na amfa 150 (amfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), ya ce babba ya fi don ba ya saurin yankewa. Yaron da ke haɗa waya a garajinmu kuma ya ce ba ma sai an sa ba, tunda ampilin yana da nasa. Kafin a taɓa motar ina son waɗanda suka taɓa yin wannan aiki su faɗa mini yadda ta kaya da su.

Direban tasi, Marwa

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka yarda da maganar yaron nan. Motar patoro da nake ja, haka aka haɗa ta, daga kan batir har but babu fizibil ko ɗaya. Wayar kuma an zura ta ta wani rami a ƙarfen da ya raba inji da cikin mota, ba a sa mata roba ba. Ka san hanyar Mora da girgiza. A hankali bakin ƙarfen ya yi ta cin robar wayar, har ranar da ta taɓa jikin mota. Warin roba muka fara ji, sai hayaƙi daga ƙarƙashin kafet gefen ƙafata. Na kashe mota na zare makulli, hayaƙin bai tsaya ba, domin wayar kai tsaye take daga batir, ba ruwanta da makulli. Allah ya taimake mu akwai kile, wato sifana, mai lamba 10 a kusa, aka kwance kan batir. Kafet ya ƙone, wayoyin da ke bin wannan gefen duk sun narke sun manne da juna. Da muka buɗe but, fizibil ɗin jikin ampili lafiyarsu ƙalau, ko ɗumi ba su yi ba.

Tsohon mai haɗa wayar mota, Njamena

Direba ya riga ya ba ka rabin amsar. Fizibil ɗin da ke jikin ampili na ampili ne. Wanda ake sawa kusa da batir na waya ne. Tsakanin batir da but akwai waya kamar mita 5, in ta sami rauni a tsakiya ta taɓa ƙarfe, wutar ba za ta ma isa ampili ba balle nasa su yanke. Batirin da ke iya juya inji yana iya zuba ɗaruruwan amfa cikin wannan wayar nan take. Shi ya sa nake ɗaura fizibil dab da batir, kada ya wuce santimita 45, in ya samu 20 ma ya fi. Duk wayar da ke tsakanin kan batir da fizibil ba ta da mai tsaronta.

Lissafin ba wuya. In inji yana aiki, wutar mota tana kaiwa volt 14 ko ƙasa kaɗan. Ka duba wat na gaskiya na ampilin, wanda ake rubutawa RMS, ka raba da 14. Sannan ka ƙara, don ampili ba ya mai da duk wutar da ya sha ta zama sauti, wani kaso zafi yake zama. Irin class D da ake sa wa wufa yana ba da kusan kashi 80 cikin ɗari, class AB kuwa bai fi rabi da ɗan wani abu ba. Ampili mai wat 500 RMS, in class D ne zai ja kamar amfa 45, in AB ne ya haura 60.

In babu takarda, jikin ampilin zai gaya maka. Naka 30 biyu ne, amfa 60 ke nan, bai kamata ya ja fiye da haka ba. To sai ka nemi wayar da za ta ɗauki 60 ba tare da ta yi zafi ba. Ni a aikina, waya ta jan ƙarfe zalla mai milimita 10, wato murabba'in milimita na ƙarfen ciki, ina sa mata fizibil na 50, in ta yi yawa 60. Mai 16 ina kai ta 80. Mai 25 ta ɗauki 100 zuwa 125, mai 50 ta ɗauki 200. Masu kayan Amurka suna ƙirga da lamba, lamba 8 ta ɗan gaza milimita 10, lamba 4 ta ɗan haura 20, lamba 0 ta ɗan haura 50, wato lamba na raguwa waya na ƙara kauri. Da motata ce zan sa mai 16 da fizibil na 60.

Na 150 ɗin da aka ba ka kuwa, a kan siririyar waya, wayar ce za ta riga shi ƙonewa. Ka mayar wa mai shago.

Mai Carina, Yelwa

Baba, ban ƙi ta taka ba, amma ni tawa ta daɗe ba fizibil kuma ban taɓa ganin komai ba. Kiɗa na tashi lafiya.

Tsohon mai haɗa wayar mota, Njamena

Yaro, kiɗa zai tashi mana, fizibil ba ya ƙara sauti ba ya ragewa. Ranar da robar ta huje ake nemansa, ko ranar da wani ya buge ka ta gefe ƙarfe ya matse wayar. Je ka ɗaga kafet ka duba inda ta ratsa ƙarfe, ka dawo ka ba mu labari.

Ɗan kasuwa mai zuwa Mubi

Ni kayan nan nake saro wa, bari in faɗa muku abin da ke cikin kwali. Yawancin jar wayar da ke zuwa a ƙunshe da fiyus da wayar sauti ba jan ƙarfe ba ce. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, masu gaskiya suna rubuta CCA a jiki, wasu ba sa rubuta komai. Alminiyam tana wuce da wuta kamar kashi 60 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe mai kaurinta zai wuce da shi, don haka duk lambobin da Baba ya kawo sai an rage su a kanta. Ga kuma wata dabara: a yi roba mai kauri, ƙarfen ciki ɗan tsurut. Daga waje sai ka rantse mai 25 ce, ka yanka ka ga ko 10 bai cika ba.

Gane ta ba wuya. Ka yanke baki ka kalli tsakiyar zaren, in fari ne alminiyam ce. Ko ka kankare sili ɗaya da wuƙa. Ko ka kunna masa ashana, na alminiyam nan da nan zai lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe sai dai ya yi ja ya yi baƙi. A hannu ma jan ƙarfe ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Ni ina sayar da duka biyun, amma wanda ya ce CCA yake so saboda kuɗi sai in ce ya ɗauki wadda ta fi kauri da mataki ɗaya. Wasu abokan cinikina ma sun daina sayen ta kwali, suna zuwa wajen masu kayan walda ko masu kayan sola su yanko mita 5 na jan ƙarfe.

Maganar wat kuma, na sha riƙe ampili an rubuta 3000 a kwali da manyan baƙaƙe, ka juya bayansa ka ga fiyus ɗaya na 25. Ku lissafa: 25 sau 14, wat 350 ne iyakar abin da zai shiga cikinsa. Ta ina 3000 za ta fito?

Malamar makaranta, Ngaundare

Sannunku da ƙoƙari. Tawa matsalar ba ta wuta ba ce, ƙara ce. Bayan an sa mini ampili, duk sanda na taka mai sai wani siririn kuka ya fito a lasifika, yana hawa yana sauka tare da inji. In na ɗaga murya kuma ampilin ya ɗauke ya dawo. An canja mini fizibil, an ce batir ne, an ce rediyon ne. Ƙanen maigidana ne ya buɗe but ya ga baƙar wayar mas, wadda ke haɗa ampili da ƙarfen jikin mota, siririya ce, doguwa, an ɗaure ta da ƙaramin kusa a kan fenti. Ya yanko guntuwa mai kaurin jar, bai kai rabin mita ba, ya kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, ya ɗaure da noti. Ya kuma raba wayar sauti da ta wuta, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu. Tun daga nan shiru.

Direban Hiace, Garwa zuwa Marwa

Hajiya ta taɓo inda ake mantawa. Duk wutar da ta shiga ta jar waya ta baƙar take komawa, in ɗaya ta yi siriri aikin banza ne.

Ni ampili biyu gare ni, ɗaya na wufa ɗaya na lasifikan fasinja. Waya ɗaya mai 25 aka jawo da fizibil na 100 a bakin batir, a baya ta shiga wani ɗan akwati ta rabu biyu, kowane reshe mai 10. A wurin rabuwar kowanne yana da nasa fizibil na 40, saboda na 100 ɗin can ba zai kare siririn reshe ba. Abin da ya dame ni shi ne da dare, ganga na bugawa fitilun gaba suna lumshewa. An ce in sa kondansato, wato na'urar da ke tara 'yar wuta ta sake ta nan take in ampili ya nema, na sa, bambancin kaɗan ne. Altanato, wato na'urar da ke samar da wuta tana cajin batir in inji na aiki, na irin motocinmu bai cika wuce amfa 70 zuwa 90 ba, ga fitila, ga fanka, ga cajin batir. Da aka ƙara kaurin wayar da ta taso daga altanato zuwa batir da ta mas ɗin inji, abin ya ragu sosai. Sauran kuwa rage murya nake yi in dare ya yi, dama fasinja barci suke so.

Makanike, Kusiri

Ku mutanen Ngaundare kuna da sanyi. Mu nan a watan Afrilu zafi ya haura digiri 40 a inuwa, balle cikin inji. Fizibil da zafi yake yankewa, in wurin da yake ya riga ya ɗau zafi yana iya tsinkewa bai kai lambarsa ba. Na kwalbar nan mai zagaye su suka fi ba ni wahala, ƙura ta shiga gidansu, bakin ya saki, robar ta narke alhali fizibil ɗin bai yanke ba. Yanzu mai faɗin nan da ake ɗaurewa da noti biyu nake sawa, ANL, in kuma nisanta shi da bututun hayaƙi. In babu, a kan hanya, ni dai nakan naɗa silin waya a wurin mutum ya isa gida.

Tsohon mai haɗa wayar mota, Njamena

Maƙwabci, zancen zafi da ANL na yarda. Silin waya ne ban yarda ba. Ba ka san amfa nawa zai ɗauka ba, kuma wanda ka naɗa wa ba zai dawo ba sai ya ji wari. Wannan layin kiɗa kawai yake ciyarwa, mota za ta kai gida ba shi. Cire fizibil ɗin ka bar wurin a buɗe. In kuma sabo ya sake yankewa da zarar an sa, ba ƙarami ba ne, waya ce ta taɓa wani wuri ko ampilin ya ƙone a ciki.

Yaron kamiyo, gadar Ngeli

Baba, mu fa masu babbar mota? Batir biyu ne, volt 24. Oga yana so a ja wa ampili wuta daga batir ɗaya kawai tunda shi 12 ne.

Tsohon mai haɗa wayar mota, Njamena

Zai yi kiɗa, amma ku shirya sayen batir. Su biyun a jere ake cajinsu, wuta ɗaya ke ratsa su. In kuna zuƙar ɗaya, shi kullum bai cika ba, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa ya riƙa ƙone ruwa. Ka ce wa ogan naka ya sayi na'urar da ke sauke 24 zuwa 12, wadda yawan amfa ɗinta ya haura abin da ampilin ke ja, ba ƙaramar da ake sa wa rediyo ba. Fizibil ɗaya a bakin batir kafin na'urar, wani a bayanta. Na gefen 24 zai zama kamar rabin na gefen 12 da ɗan ƙari, tunda in volt ya ninka amfa raguwa yake. Turo mini lambar da ke jikin fizibil ɗin ampilin in gaya maka girman na'urar da za ku nema.